Gadon Byrd a Hannun Jikan Bayi: Nazari a kan Rayuwa da Siyasar Douglas Wilder na Jihar Bajiniya

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci rayuwa da siyasar Lawrence Douglas Wilder, baƙar fata na farko da jama'a suka zaɓa gwamnan jiha a tarihin Amurka. An bi sawunsa tun daga shigarsa majalisar dattawan jihar Bajiniya a 1970 har zuwa saukarsa daga kujerar gwamna a 1994, an kuma dogara da sakamakon zaɓuka da dokokin da aka zartar da ayyukan marubutan da suka gabata. Hujjar da maƙalar ta kafa ita ce, Wilder ya kai ga mulki ne ta hanyar rungumar rabin aƙidar tsofaffin masu mulkin jihar, wato tsimin dukiyar gwamnati, ya jefar da ɗaya rabin, wato wariyar launin fata. Dabarar ta ba shi kujera, amma ta taƙaita abin da ya iya yi da ita.

Gabatarwa

Masu nazarin siyasar Amurka a jami'o'inmu sun fi karkata ga fadar shugaban ƙasa da majalisar tarayya, alhali yawancin abin da ya shafi talakan ƙasar, kamar makaranta da hanya da gidan yari da hukuncin kisa, a hannun jihohi yake. Tunda Nijeriya ta ɗauki tsari mai kama da nasu a 1979, ya dace mu riƙa leƙa jihohin nan. Rayuwar Wilder ta samu marubuta: Dwayne Yancey ya yi littafi a kan zaɓen 1985, Margaret Edds a kan na 1989, Donald Baker kuma ya rubuta tarihinsa. Zaɓe da yadda aka ci shi su suka fi ɗaukar hankali. Abin da wannan nazari ya sa a gaba shi ne farashin nasarar.

Jihar da ya taso a cikinta

Richmond, inda aka haifi Wilder ranar 17 ga Janairu 1931, ita ce hedikwatar jihohin kudu da suka ɓalle a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 don kare bauta. Kakanninsa na wajen uba bayi ne. Shi ne na bakwai cikin 'ya'ya takwas, a unguwar Church Hill ya girma, makarantun da aka ware wa baƙaƙen fata kuma su ya yi.

A lokacin, jihar tana tafin hannun mutum ɗaya, Harry Byrd, gwamna daga 1926 zuwa 1930, sanata a tarayya daga 1933 zuwa 1965. Mulkin ƙungiyarsa a kan ƙafa biyu ya tsaya. Ta farko, kada gwamnati ta ci bashi, a yi aiki daidai kuɗin da ke hannu. Ta biyu, a rage yawan masu zaɓe. Kundin tsarin mulkin jihar na 1902 ya ɗora harajin dala ɗaya da rabi a kan duk mai son jefa ƙuri'a, abin da ya kori yawancin baƙaƙen fata da ma talakawan farare daga rumfar zaɓe. Da kotun ƙolin ƙasar ta haramta raba makarantu bisa launi a 1954, Byrd ya jagoranci bijirewa. Gundumar Prince Edward ta gwammace ta rufe makarantun gwamnati baki ɗaya daga 1959 zuwa 1964 da ta haɗa yara a aji ɗaya. Shekara biyar cur yara na zaune a gida saboda launin jikinsu, kuma wannan zalunci da sunan doka aka yi shi.

Wilder ya yi digiri a ilimin sinadarai a Jami'ar Virginia Union a 1951, yana aikin raba abinci a otal-otal don biyan kuɗin karatu. An ɗauke shi soja, ya yi yaƙin Koriya, ya samu lambar jarumta ta tauraron tagulla. Bayan ya dawo ya karanta lauya a Jami'ar Howard da ke Washington, ya gama a 1959, ya buɗe ofishinsa a unguwar da ya taso.

Shekara 16 a majalisar dattawan jiha

Ƙofar siyasa ba da kanta ta buɗe ba. Dokar 'yancin zaɓe ta 1965 da hukuncin kotun ƙoli na 1966 da ya soke harajin ƙuri'a na Bajiniya su suka cire sakatar. A ƙarshen 1969 aka yi zaɓen cike gurbi a Richmond, farare biyu suka raba ƙuri'un 'yan'uwansu, Wilder ya wuce. Shi ne baƙar fata na farko a wannan majalisa mai kujeru 40 tun zamanin sake gina kudu bayan yaƙin basasa.

Da zafinsa ya shigo. Jawabinsa na farko a 1970 a kan taken jihar ya yi shi, waƙar da ke nuna tsohon bawa yana begen gonar ubangijinsa, ya nemi a daina rera ta. Ba a saurare shi ba, sai a 1997 aka jingine waƙar. Ya shekara da shekaru yana neman a ware ranar tunawa da Martin Luther King, da aka amince a 1984 kuwa, sai aka haɗa ranar da ta Lee da Jackson, janar-janar ɗin da suka yi yaƙi don bauta ta ɗore. Wilder ya karɓi hakan. A nan ake fara ganin halin da ya bi shi har ƙarshe: abin da ya samu yake karɓa, ko da an gauraya shi da abin da ba ya so.

Ya kuma san ranar nuna ƙarfi. A 1982 jam'iyyarsa ta Dimokurat ta shirya tsayar da Owen Pickett takarar sanata a tarayya, Pickett ya yabi gidan Byrd a bainar jama'a, Wilder ya ce zai fito a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Baƙaƙen fata ba su kai kashi 20 cikin 100 na mutanen jihar ba, amma jam'iyyar ta san ba ta cin zaɓe ba tare da su ba. Pickett ya janye.

Zaɓukan 1985 da 1989

Da ya nemi kujerar mataimakin gwamna a 1985, manyan jam'iyyarsa sun ji tsoron zai ja sauran 'yan takara ƙasa. Shi da mai tsara masa kamfe, Paul Goldman, suka zaɓi hanyar da ba a zata ba. Ya yi kusan wata biyu yana zagaya jihar a mota, ya faro daga kudu maso yamma, yankin duwatsu da mahaƙan kwal inda baƙar fata ba su da yawa, yana tsayawa a kantunan ƙauye yana gaisawa da mutane. Maganar launi bai ɗauko ta ba. Ya gabatar da kansa a matsayin tsohon soja, gogaggen ɗan majalisa, mai tsaurin ra'ayi a kan masu laifi da kashe kuɗin gwamnati. Ya kayar da John Chichester da kimanin kashi 52 cikin 100.

Zaɓen gwamna na 7 ga Nuwamba 1989 ya fi tsanani. A watan Yulin shekarar kotun ƙoli ta ba jihohi damar ƙara taƙaita zubar da ciki. Abokin karawarsa na jam'iyyar Rifablikan, Marshall Coleman, ya riga ya ɗauki matsayi mai tsauri, Wilder kuma ya mayar da batun na hana gwamnati kutsa kai cikin sirrin iyali, yana jingina da sunan Thomas Jefferson, ɗan jihar da kowa ke girmamawa. Wannan ya jawo masa mata da mazauna unguwannin masu hali na arewacin jihar, kusa da Washington. Duk da haka, da ƙuri'a 6,741 kawai ya ci, cikin kusan miliyan 1.8, sai da aka sake ƙirga. Ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna masa rata mai faɗi fiye da haka, abin da ya sa manazarta suka yi zargin cewa wasu farare sun faɗi abu ɗaya da baki, suka yi wani a rumfa. Ranar 13 ga Janairu 1990 aka rantsar da shi. Kafinsa, wani baƙar fata, P. B. S. Pinchback, ya riƙe kujerar gwamnan Luwiziyana na 'yan makonni daga ƙarshen 1872, amma ba zaɓensa aka yi a kujerar ba.

Mulkin ƙarancin kuɗi

Yana hawa tattalin arzikin ƙasar ya ja baya, kasafin jihar ya samu giɓin da ya kai dala biliyan 2.2. Hanya biyu ce a gabansa: ƙara haraji ko rage kashewa. Ya ƙi ta farko ƙememe. Aka soke ƙarin albashin ma'aikata, aka zaftare kason ma'aikatu da na jami'o'i, kuɗin makaranta ya tashi a kan ɗalibai. Ya matsa aka kafa asusun ajiya don ranar wahala, wanda masu zaɓe suka shigar cikin kundin tsarin mulki a 1992. Mujallar Financial World ta ayyana Bajiniya a matsayin jihar da ta fi kowace iya tafiyar da kuɗi shekara biyu a jere.

A ganin wannan nazari, nan ne gadon Byrd ya fito fili. Wilder ya san cewa gwamna baƙar fata na farko, in ya ƙara haraji ko ya bar bashi, ba shi kaɗai za a hukunta ba, duk wanda zai biyo bayansa ma sai ya ɗanɗana. Wannan dalili ne mai nauyi, bai kamata a raina shi ba. Sai dai waɗanda tsimin ya fi ƙona su ne masu dogaro da makarantar gwamnati da asibitin gwamnati, kuma cikinsu akwai mutanen da suka yi dogon layi suka ba shi ƙuri'a kusan gaba ɗayansu. Tazarar da ke tsakanin makarantun gundumomi masu arziki da na matalauta, wadda aka yi ta kuka a kanta a zamaninsa, haka ya bar ta.

Hukuncin kisa ma haka. A farkon zamansa a majalisa yana adawa da shi, daga baya ya sauya, kuma mutum 14 aka kashe a shekaru huɗun mulkinsa. Shari'ar Earl Washington, wanda aka yanke wa hukuncin kisa, ta isa misali. Gwajin ƙwayar halitta ya jefa shakku a kan laifin da aka ɗora masa, Wilder ya sassauta hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai a kwanakinsa na ƙarshe a ofis, a Janairun 1994. Ya ceci ransa, amma bai sake shi ba. Sai a 2000 wani gwamnan ya yi masa afuwa bayan sabon gwaji, ya fito a 2001.

Inda ya nuna ƙarfin hali ba tare da lissafi ba shi ne dokar 1993 da ta hana mutum sayen ƙaramar bindiga fiye da ɗaya a wata, don toshe safarar makamai daga Bajiniya zuwa biranen arewa maso gabas irin su New York. An soke ta a 2012, aka dawo da ita a 2020.

Abin da bai gina ba

Tsarin mulkin Bajiniya ya hana gwamna yin wa'adi biyu a jere, don haka shekara huɗu kawai yake da su, ya kuma kashe wani ɓangare wajen neman shugabancin ƙasa daga Satumba 1991 zuwa Janairu 1992. Rigimarsa da Sanata Charles Robb, ɗan jam'iyyarsu, ta kai ga fallasa faifan hirar Wilder ta waya da aka naɗa a ɓoye, jam'iyyar ta dare biyu, George Allen na Rifablikan ya gaje shi. Daga baya Wilder ya dawo ya zama magajin garin Richmond daga 2005 zuwa 2009. Gidan tarihin bauta da ya yi burin ginawa a Fredericksburg bai tashi ba, ya durƙushe da bashi a 2011.

Byrd ya bar ƙungiyar da ta riƙe jihar kusan shekara 40. Wilder bai bar ƙungiya ba, bai raini magaji ba, har ma ya ƙi mara wa 'yan takarar gwamna na jam'iyyarsa baya a 1997 da 2009. Nasararsa ta tabbatar da cewa fararen kudu na iya zaɓen baƙar fata, amma ta tsaya a kansa shi kaɗai. Sai a 2006 aka sake zaɓen baƙar fata gwamna a Amurka, wato Deval Patrick a Massachusetts, na uku kuma, Wes Moore na Maryland, sai a 2022.