Daɗin Karatu ko Nauyin Adabi? Tarihin Muhawarar Littattafan Soyayya da Littattafan Farko na Hausa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin adabin Hausa, a Yamai ne ko a Damagaram ko a Zariya, ya san wannan hali: malam na gaban allo yana warware jigon Ruwan Bagaja, alhali littafin da ya hana ɗalibi barci daren jiya na soyayya ne, yana cikin jaka ko cikin wayar salula. Daga nan tambaya ke tasowa: wanne ya fi, labarin da ke jan rai har a manta da abinci, ko kuwa tsofaffin labaran aljanu da sarakuna da jarumai waɗanda manhaja ta ɗaukaka? Tambayar ta girmi ɗaliban yau. An yi kusan shekara goma ana fafatawa a kanta a shafukan jaridu, ta kai ga an ƙona littattafai a bainar jama'a. Amsar da aka ba ta ita ke yanke abin da za a koyar da abin da za a adana, da kuma abin da za a bari ya ruɓe a shagunan kasuwa. Saboda haka ya kamata a bi tarihinta tun daga tushe.

Yadda aka haifi littattafan farko

Kafin zuwan Turawa Hausawa na da tatsuniya da labari da hikaya a baka, malamai kuma na rubuta waƙoƙin wa'azi da madahu da fiƙihu da ajami. Amma ƙagaggen labari mai tsawo cikin rubutun zube bai kasance aikin malami ba. A shekarar 1933 ne Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labarai, domin makarantun boko na yaye masu iya karatu amma babu abin da za su karanta da harshensu. East ya zagaya manyan birane yana lallashin malamai su shiga, kuma shi da kansa ya bayyana wuyar da ya sha, don da yawansu na ganin ƙaga labari ƙarya ce, aikin tsofaffin mata da yara, bai dace da mai ilimi ba.

Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Bayan haka aka gayyaci Imam zuwa Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce cikin juzu'i uku, waɗanda suka fito tsakanin 1937 da 1939.

Abin lura na farko shi ne, waɗannan littattafai don nishaɗi aka yi su. Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta shirya wa juna gadar zare gari bayan gari, mai karatu na dariya. Ganɗoki ya gama gwabzawa da Turawa ya faɗa duniyar aljanu. Aku ya riƙe ɗan sarki Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Ma'ana, dabarar riƙe mai sauraro ita ce ƙashin bayan littafin da yau ake kira gagarabadan adabin Hausa. Waɗanda ake wa kallon dattawan adabi yanzu, a zamaninsu samari ne masu shekara ashirin da ƴan kai, kamar Imam da Tafawa Ɓalewa, suna yin abin da manya ke ɗauka wasa.

Wannan tafarki na labaran ban al'ajabi ya daɗe. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Tauraruwar Hamada na Sa'idu Ahmad Daura duk sun bi sawunsa, Umaru Dembo kuma ya kai shi sararin samaniya da Tauraruwa Mai Wutsiya. Kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA, sa'annan kamfanin NNPC da aka kafa a 1966, su ne suka riƙa tacewa da bugawa da sake bugawa, makarantu kuma suka riƙa saye.

Daga Zariya zuwa Kano

Abubuwa uku suka haɗu suka sauya al'amari. Na ɗaya, shirin ba da ilimin firamare kyauta da gwamnatin Nijeriya ta ƙaddamar a 1976 ya samar da ɗimbin matasa masu iya karatun boko, cikinsu har da ƴan mata da yawa. Na biyu, karyewar tattalin arziki da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 sun sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya ga ƙagaggun labarai suka koma kan littattafan makaranta. Na uku, finafinan Indiya da aka daɗe ana nunawa a gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos sun saba wa matasa da labarin masoyan da iyaye ko dukiya suka shiga tsakaninsu.

Tun a 1980 an ga alamar sauyi, lokacin da NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina bayan wata gasa. Amma ambaliyar ta zo ne lokacin da marubuta suka daina jiran kamfani. Sai mutum ya rubuta labarinsa, ya kai ƙaramar maɗaba'a, ya biya da kuɗinsa, ya raba wa ƴan kasuwa. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko a tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya, sa'annan Alhaki Kwikwiyo da Wa Zai Auri Jahila? Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, wanda ya yi farin jinin da ba a saba gani ba. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa. Marubuta suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano domin taimakon juna wajen bugu da talla. Sunan ƙungiyar kaɗai ya isa ya nuna sun san kallon da ake musu.

Muhawarar kanta

A farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya fara sukar waɗannan littattafai a jaridar Nasiha, kuma shi ya yaɗa laƙabin Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan Ingilishi da aka taɓa yayi a kasuwar Onica suka shuɗe. Hujjojin masu suka sun taru a wuri huɗu: ba a tace littattafan, ƙa'idojin rubutu a warwatse suke, jigonsu ɗaya ne, soyayya da kishi, labaran aro ne daga finafinan Indiya da littattafan Turawa, kuma suna ɓata tarbiyyar ƴan mata, suna koya musu bijire wa iyaye. A ganinsu, abin yayi ne, kuma yayi ba ya daɗewa.

Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme na cikin waɗanda suka tsaya a ɗaya ɓangaren, muhawarar kuma ta yi zafi a shafin adabi na jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako a ƙarshen shekarun 1990. Sun ce littattafan sun sa dubban mutane karatu da harshensu ba tare da bulalar jarrabawa ba; sun buɗe wa mata ƙofar rubutu, alhali littattafan 1933 duk maza suka rubuta; kuma sun taɓo abin da ke damun gidaje, wato auren dole, cire yarinya daga makaranta, sakin wulaƙanci da zaman kishiyoyi. Sun ƙi ma laƙabin kasuwa, suka fi son a ce adabin Hausa na zamani.

Maganar ba ta tsaya a jarida ba. An kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar Kano a 2001, kuma a 2007 an ƙona wasu littattafai a wata makarantar ƴan mata ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Daga nan batun ya tashi daga sharhin adabi ya zama batun wanda ke da ikon cewa ga abin da ya halatta a karanta.

Abin da kowane ɓangare ya manta

Idan aka ɗora littattafan biyu kan ma'auni ɗaya, za a ga katangar da aka gina tsakaninsu ba ta kai tsayin da ake zato ba.

A ɗauki zargin aro. Imam bai ɓoye cewa East ya tara masa littattafan Larabawa da Turawa da na Gabas ba kafin ya rubuta Magana Jari Ce. Manazarta sun gano sawun Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus na ƴan'uwan Grimm a ciki, shi kansa akun mai ba da labari don hana fita asalinsa daga hikayoyin Indiya da Farisa yake. Ruwan Bagaja ya sha daga Maƙamatul Hariri. Iliya Ɗan Maiƙarfi kuwa jarumin hikayoyin Rasha ne aka naɗa wa rawani. Ashe aro tsohuwar hanya ce a adabin Hausa. Abin tambaya kawai shi ne yadda aka rina rigar aron har ta zama ta gida, kuma a nan ne gwanintar Imam take.

A ɗauki batun soyayya. Jiki Magayi labarin saurayi ne, Abubakar, wanda attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa budurwarsa Zainabu, ya shiga duniya neman asirin ramuwa. Wannan shi ne rikicin so da dukiya da ya sake bayyana bayan fiye da shekara hamsin a In Da So Da Ƙauna, inda Sumayya ƴar masu hali ta zaɓi Muhammadu talaka. Haka kuma aljanu ba su bar fagen ba: a So Aljannar Duniya aljana ce ta shiga tsakanin Boɗaɗo da Yasir, kuma a kasuwar Kano ɗin nan ake sayar da littattafan yaƙi da tsafi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda jikokin Ganɗoki ne kai tsaye.

Su ma masu kare sababbin littattafai akwai abin da suka kau da kai gare shi. Littafin da editan kirki bai gani ba yakan fito da maimaici da kurakuran rabin kalma da haɗewa, kuma al'adar raba labari kashi uku ko huɗu don ciniki takan sa a ja shi fiye da ƙarfinsa. Ɗalibin da ya buɗe kowane shafi na Magana Jari Ce zai tarar da jimla a daidaice, karin magana a mazauninsa, zance kuma ya dace da bakin mai yin sa, sarki da irin nasa, bafade da irin nasa. Kaɗan ne cikin dubban littattafan kasuwa suka kai wannan matsayi ta fuskar harshe. Sai dai kuma babu wani littafi cikin biyar na farko da ya shiga ɗakin matar aure ya nuna halin da take ciki kamar yadda Alhaki Kwikwiyo ya nuna Rabi bayan mijinta ya kore ta da ƴaƴa tara. Wannan littafi ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi, aka buga a Indiya a 2012.

Ƙetaren iyaka

Ga mai karatu a Nijar, muhawarar na da wata fuska. Makarantar Faransa ba ta koyar da Hausa ba, kuma ba a kafa wata hukuma irin ta Zariya da za ta ƙarfafa ƙaga labarai da harshen gida ba. Sai a shekarun 1970 aka fara gwajin koyarwa da harsunan ƙasa a firamare. Saboda haka Magana Jari Ce bai samu gatan manhaja a Maraɗi ko Tawa kamar yadda ya samu a Katsina ba. Tsofaffin littattafai da sababbi sun tsallako iyaka ne a hanya ɗaya, cikin kayan ƴan kasuwa da muryar rediyo, suka kwanta a tabarmar mai talla ɗaya. A irin wannan wuri babu jarrabawar da ta tilasta wa kowa, sai abin da rai ya so. Duk da haka Ruwan Bagaja bai rasa masu nema ba, wanda ke nuna ba manhaja kaɗai ta riƙe shi ba.

Kammalawa

Hasashen cewa littattafan soyayya za su mutu bai tabbata ba. Bugun takarda ya ja baya, amma labaran sun koma finafinan Kano, sun koma WhatsApp da Wattpad da tashoshin YouTube masu karanta littafi, kuma tun 2016 sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta mata zalla. Su ma littattafan farko suna nan, shekara casa'in bayan haihuwarsu.

To wanne ya fi? Ta fuskar sarrafa harshe da tsarin labari, Imam na gaba har yanzu, kuma wanda ke son ya iya rubuta Hausa ba shi da makawa sai ya zauna gabansa. Ta fuskar samar da masu karatu da kama rayuwar gida, marubutan Kano sun yi abin da Zariya ba ta yi ba. Jin daɗin littafi ba aibi ba ne, domin da daɗi ne Ruwan Bagaja ya fara shiga zukata. Gwajin gaskiya shi ne karatu na biyu: littafin da aka san ƙarshensa amma aka sake komawa gare shi, shi ne ya ci. Abin damuwa shi ne yawancin littattafan shekarun 1990 an buga su ne a takarda mara ƙwari, ba a sake buga su ba, kuma ɗakunan karatu kaɗan ne suka tara su. Aikin da ke gaban ɗalibin Hausa shi ne ya nemo su tun suna samuwa, ya karanta su da irin natsuwar da yake karanta Imam, ya ware tsaba daga tsakuwa, ya rubuta dalilinsa.