Matsi da Niƙa: Nazari a Kan Kumfar Gahawar Esfireso

Na'urar tururi da Luigi Bezzera ya yi wa rajista a Milan a 1901 tana dafa gahawa cikin hanzari, amma matsinta bai wuce bar 2 ba (bar ma'aunin matsi ne), don haka ba ta fitar da kumfar kirki. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da Achille Gaggia ya ƙera na'ura mai hannun ja da ke tunkuɗa ruwa da ƙarfi ninkin-ba-ninkin, aka fara ganin kumfa ruwan goro a saman kofi, wadda Italiyawa ke kira "crema". A 1961 na'urar Faema E61 ta zo da famfon lantarki, ta tsayar da matsin a bar 9.

Asalin kumfar tun daga wajen gashi yake. Idan ana gasa ƙwayar gahawa, iskar kabon-dayoksaid kan taru a cikinta. Ruwan zafi mai tsananin matsi yakan narkar da wannan iska, da zarar ya fito sarari kuma matsin ya sauka, sai ta ɓalle ta zama ƙananan kumfa, kamar lemon kwalba da aka buɗe. Shi ya sa gahawar da ta daɗe da gashi, iskarta ta tsere, ba ta kumfa ko da an sa ta a na'ura mai tsada. Tukunyar moka ta Bialetti, wadda ta fito a 1933, ita ma matsinta bai kai na fitar da kumfar kirki ba.

Tashin kumfa daban, daɗewarta daban. Binciken Fernando Nunes da abokan aikinsa a Fotugal, wanda aka buga a 1997, ya danganta yawan kumfa da furotin, daɗewarta kuma da dogayen sarƙoƙin sukari da ke ƙara wa ruwan kauri. Maiƙo kuwa fasa kumfa yake yi. Nau'in robusta, mai ƙarancin maiƙo, ya fi arabika kumfa, ya kuma ninka ta kafeyin kusan sau biyu, alhali masu ɗanɗano sun fi yaba arabika.

Niƙa ma tana da nata rikicin. An daɗe ana zaton gari mai laushi ya fi ba da sinadaransa, sai nazarin da Christopher Hendon da abokansa suka buga a mujallar Matter a 2020 ya nuna idan garin ya cika laushi yakan toshe, ruwa ya ratsa ta wasu 'yan hanyoyi ya bar sauran bai jiƙa sosai ba. Suka ba da shawarar rage yawan garin da niƙa shi da ɗan tsakitsaki.

Wasu na'urorin gida ma suna da mataci mai ƙaramin rami guda da ke tilasta kumfa ko daga tsohon gari. Saboda haka kumfa tana ba da labarin iska da matsi ne, ba ta isa shaidar ingancin gahawa ba.