Taƙaitaccen Tarihin Tallafa wa Malaman Jami'a Don Samar da Littattafan Kyauta

Gabatarwa

A wannan maƙala zan bi diddigin yadda aka fara biyan malaman jami'a don su rubuta littattafan karatu su sake wa jama'a. A ganina, kalmar da ta fi dacewa da irin waɗannan littattafai ita ce waƙafi, domin marubuci yana riƙe da sunansa a kan aikinsa, amma ya yarje wa kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara ko ya fassara ba tare da biyan ko anini ba.

Mafarin Al'amarin

A watan Afrilu na shekarar 2001 ne Jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin shugabanta Charles Vest, ta ba da sanarwar za ta zuba darussanta a intanet kyauta. Gidauniyar Hewlett da ta Mellon ne suka ɗauki nauyin aikin, kuma zuwa 2007 darussan sun kai 1,800. A 2002 hukumar UNESCO ta kira taro a birnin Paris inda aka raɗa wa irin waɗannan kayan karatu suna. A ƙarshen shekarar kuma aka fito da lasisin Creative Commons, wanda da shi marubuci ke fayyace abin da ya yarda a yi da aikinsa.

Dalilin Tallafin

Tsadar littafi ce ta tilasta. Ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka ya gano cewa daga 2002 zuwa 2012 farashin sababbin littattafan jami'a ya ƙaru da kashi 82 cikin 100. Ɗalibi ɗan talaka sai ya shiga aji ba littafi. To amma malami ba zai sauya littafin da ya saba da shi haka kawai ba, domin sai ya sake tsara darasi da tambayoyin jarrabawa, wanda aiki ne na watanni. Saboda haka abin da tallafin ke saye shi ne lokacin malami.

A 2011 Jami'ar Massachusetts da ke Amherst ta soma ba malamanta dala 1,000 ga wanda ya bar littafi mai tsada ya koma na kyauta. A 2012 Jami'ar Rice ta kafa OpenStax, mai biyan masana su rubuta, wasu masanan su tace. Jihar Jojiya ta fara nata tallafin a 2014. A 2018 majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 5 don wannan aiki, sannan a 2019 ƙasashen UNESCO suka amince da shawarar da ta nemi gwamnatoci su mara wa harkar baya.

Inda Ya Shafe Mu

A 2005 Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta jagoranci shirin TESSA na horar da malaman makaranta a Afirka, kuma Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna na cikin waɗanda suka yi aiki da kayansa. Haka nan asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana tallafa wa malaman manyan makarantu wajen buga littattafansu.

Kammalawa

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, littafin kyauta ne ga ɗalibi, amma wani ne ya biya kuɗin guminsa. Idan tallafi ya yanke, littafin yakan tsufa ba mai sabunta shi. Don haka ina kira ga hukumomin iliminmu da su sharɗanta cewa littafin da aka buga da kuɗin jama'a a sake shi ga jama'a, su kuma lissafa fassara cikin aikin da ake ƙara wa malami girma da shi. Mafi yawan waɗannan littattafai an riga an ba da izinin mayar da su Hausa. Mai ɗaukar nauyin malamin da zai zauna ya yi aikin ake nema. Allah Ya sa mu dace.