Ciwon baya da fanshon naƙasa: Hanyoyin da tsohon soja zai bi idan an hana shi haƙƙinsa

Sojan da harsashi ya raba da ƙafarsa ba ya buƙatar dogon bayani a gaban likita. Wanda shekarun goyon jaka da sulke da albarusai suka lalata wa ƙashin baya kuwa, sai ya kawo hujja, domin rauninsa ba ya nuna kansa. Da yawan 'yan mazan jiya a nan suke rasa haƙƙinsu. A garuruwa irin su Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, inda wanda ya ajiye kaki yakan koma gona ko kasuwa, lalacewar baya na nufin tsayawar hanyar abinci.

Mene ne ciwon?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen jawo naƙasa a duniya. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ba a iya danganta nasu da wata takamaimiyar cuta. A sauran, akan samu faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya zame ya danne jijiya, ko mashigar laka ta tsuke, ko ƙashi ya tsage. Idan jijiya ta dannu, zafin kan sauka ta cinya har tafin ƙafa.

Wahalar ita ce manomi ma yana wannan ciwo, tsufa ma yana kawo shi. Saboda haka ba a musun cewa baya na ciwo. Abin da ake jayayya a kai shi ne ko aikin soja ne sila.

Abin da doka ta tanada

Fanshon sojojin Najeriya yana ƙarƙashin Dokar Fanshon Sojoji ta 1979, kuma Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja ce ke biya. An sanya sojoji cikin tsarin fansho na karo-karo a 2004, aka cire su a 2011, dokar 2014 kuma ta tabbatar da cirewar. Sashe na 173 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a riƙe fansho ko a sauya shi ta yadda zai cutar da mai shi, sai gwargwadon abin da doka ta yarda.

Ƙofar biyan naƙasa ita ce kwamitin likitocin soja. Shi ke duba soja, ya faɗi ko zai iya ci gaba da aiki, ya auna girman naƙasar, ya kuma bayyana alaƙarta da aiki. Sojan da ya daure wa ciwo shekara da shekaru yana sayen magani a kemis, don kada a ce masa rago, yakan fita da fayil fes babu ambaton baya ko sau ɗaya. Ranar da ya dawo neman haƙƙi, wannan fayil ne zai ba da shaida a kansa.

Matakan ƙorafi

Mataki na farko a cikin gida yake. Dokar Rundunonin Soja, a sashe na 178 da na 179, ta bai wa hafsa da ƙaramin soja damar kai kuka ga na sama da su, daki-daki. Kotuna sun sha korar ƙarar wanda ya tsallake wannan hanya. Wanda ya riga ya yi ritaya yakan rubuta wa hedikwatar rundunarsa da Hukumar Fansho, ya nemi a sake duba shi, ya kuma adana kwafin takardar da aka buga wa hatimin karɓa.

Mataki na biyu shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya bai wa hurumin shari'ar albashi da fansho da garatuti. Tana zama a Kano. Jinkiri na da haɗari, domin lauyoyin gwamnati kan kafa hujja da dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ƙayyade wata uku don shigar da ƙara.

Akwai kuma Kwamitin Ƙorafe-ƙorafen Jama'a na Majalisar Wakilai. Ƙananan hukumomin huɗu mazaɓa ɗaya ce, don haka ɗan majalisa guda ne zai miƙa kokensu. Sai dai kwamitin shawara yake bayarwa, ba umarnin biya ba. Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Najeriya kuma tana iya taimakawa wajen bin sawun takardu.

Hujjar da ke da nauyi

Abu uku ake nema: shaidar cewa akwai ciwon yanzu, shaidar abin da ya faru lokacin aiki, da rahoton likita mai haɗa biyun. Katin asibitin bariki, rahoton hatsarin mota ko faɗuwa, takardar sallama da shaidar abokan aiki duk suna shiga nan. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya da guringuntsi sosai. Sai na'urar MRI. Wannan na nufin tafiyar sama da kilomita 100 daga Gumel zuwa Kano, inda Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suke, ga mutumin da zaman mota kansa azaba ne.

Yadda ake yi a Amurka

A can, ma'aunin a rubuce yake, kowa na iya karantawa. Wanda ke iya sunkuyawa tsakanin digiri 30 da 60 kawai ana ba shi kashi 20 cikin 100 na naƙasa. Wanda bai wuce digiri 30 ba, kashi 40. Tun daga Fabrairun 2019, wanda bai gamsu da hukunci ba yana da zaɓi uku: ya kawo sabuwar hujja, ya nemi babban jami'i ya sake dubawa, ko ya je hukumar ɗaukaka ƙara. A samanta akwai kotu ta musamman da aka kafa a 1988.

Najeriya ba ta da irin wannan kotu. Tsoffin sojojin da suka toshe ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja a Disambar 2024 da Janairun 2025 bashin haƙƙoƙin da aka riga aka amince da su suke bi. Mai ciwon baya a Gagarawa bai ma kai wannan matsayi ba: shi yana fafutukar a fara yarda cewa ana bin sa bashi ne. Ga sojan da ke bakin aiki yau, kariyarsa mafi ƙarfi ita ce ya kai kansa asibitin bariki tun ranar da baya ya fara ciwo, ya tabbatar an rubuta.