A Kasa, A Tsare, A Raka: Darasin Bauchi Na 2007



Mu da fatauci ya kawo iyayenmu Bauchi, ko an hana mu takardar ɗan asali, ba mai hana mu ƙuri'a. Shi ya sa nake son mu tuna zaɓen 2007.

A lokacin gwamnati da kuɗi suna hannun PDP. Talakawa suka ce "a kasa, a tsare, a raka", suka bi akwatunan zaɓe har wajen tattara sakamako. Malam Isa Yuguda na ANPP ya kayar da Nadada Umar, Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu kuma ya sha kaye a hannun Bala Mohammed a takarar sanata.

To amma a 2009 Yuguda ya koma PDP. Mataimakinsa Garba Gadi ya ƙi binsa, majalisa ta tsige shi, sai a 2010 kotu ta mayar da shi. Manya sun shirya, an bar talakawa da gaba, har aka kashe masu bautar ƙasa a rikicin zaɓen 2011.

A ganina mun tsare akwati, ba mu tsare wanda muka zaɓa ba. Kada mu ɓata da maƙwabci saboda ɗan siyasa.

Allah ya ba mu shugabanni nagari, amin.