Asalin Kalma: Ƙuri'a

Duk lokacin yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa, ba abin da 'yan takara ke roƙo kamar ƙuri'a. Kalmar Larabci ce, ta shigo Hausa ta bakin malamai tun kafin a san akwatin zaɓe. Ma'anarta ta fari ita ce raba gardama ta hanyar sa'a: idan mutane suka yi kunnen doki wajen haƙƙi, sai a jefa, wanda ta faɗo a kansa shi ke da rabo. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya.

Da siyasar jam'iyyu ta zo, sai aka ɗora sunan a kan takardar zaɓe. Ma'anar ta juya sarai, domin wannan ƙuri'ar ba sa'a a cikinta, mutum ne ke zaɓa da hankalinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne fi'ilin bai canza ba. A 1979 da aka zaɓi Shehu Shagari, da 2023 da mutum 18 suka tsaya takara, jefa ƙuri'a ake cewa, ko kaɗawa, alhali yau sai an dangwala yatsa kafin a jefa.