Littafin Layuka na Oga

Saura ƙiris in yi ritaya, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda yaran yanzu ke buɗe layi. Mutum ya zauna gaban kwamfuta, ya zaɓi Kano, ya zaɓi Abuja, ya danna, manhaja ta nemo masa hanya, allo ya yi kore, ya tashi ya tafi. Ka tambaye shi ta wace gada fayibar ta bi, sai ya ce, "Oga, ai sistem ya riga ya yi."

Mu da muka shigo bayan lasisin GSM na 2001, lokacin da kowane turke ke jiran E1 ɗinsa, ba mu taso a haka ba. STM-1 guda gurbi 63 ne da shi, kuma kowane gurbi da mai shi. Mai shi kuwa yana cikin littafi: wani babban littafi mai kwali baƙi da ogana ke kullewa a durowa. Shafi ɗaya, layi ɗaya: wanda ya nema, ranar da aka buɗe, lambar KLM a kowace tasha, ramin da igiya ta shiga a firam, hanyar aiki da hanyar ko-ta-kwana, sai sa hannun mutum biyu. Ba a goge layi sai an ja masa jan biro, an bar shi mako guda ko wani zai yi kuka.

Oga tsohon ma'aikacin P&T ne, tun kafin a haɗe su da NET a kafa NITEL a 1985. Shi ya koya mini kada in taɓa amincewa da lambar gurbi tsurarta. Na'urar wani kamfani ta ce gurbi na 2, ta wani kuma ta kira shi na 22, alhali VC-12 ɗaya ne, 1-1-2. Mutane nawa suka kwana suna zagin fayiba, ita kuwa lafiyarta lau, ƙidaya ce ta saɓa! Shi ya sa a littafinsa KLM kaɗai ake rubutawa.

Na tuna wata damina da masu aikin titi suka tsinke mana igiya tsakanin Zariya da Kaduna. A allo zoben wani kamfanin cikakke ne, amma bai juya ba, domin hanyoyinsa biyu duk a rami ɗaya suke kwance. Namu ya koma ta Jos da Bauchi, masu waya ba su ma ji ba. Dalili kuwa, Oga ba ya karɓar layi sai ya gwada shi da hannunsa. Ƙarfe biyun dare, bayan an sanar da kowa, sai ya ce, "Zare igiyar, yaro." Ka zare, gabanka na faɗuwa, shi kuma idonsa na kan na'urar gwaji yana duba ko an juya cikin milisakan 50. Kafin wannan ma, sai layin ya kwana ya wuni a gwajin kurakurai, awa 24 cur.

Haka batun sunan layi. Kowane VC-12 sai mun rubuta masa suna a J2, ta yadda in aka haɗa bankin wani da turken wani, ƙararrawa za ta tona asiri nan take. Yau na ga masu kashe wannan ƙararrawar wai tana cika musu allo. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Ban ƙi ci gaba ba. Na ga zuwan Main One da Glo-1 a 2010, na ga DWDM ya sa siririn gilashi ɗaya ya ɗauki abin da da ba ma mafarkinsa, kuma da hannuna na kashe tsofaffin na'urorin SDH da dama. Manhaja ta fi biro sauri, babu musu. Amma abin da aka faɗa mata kaɗai ta sani. Ba ta taɓa tsayawa a bakin kwalbati ba, ba ta san cewa a kan wannan layin asibiti yake, a kan wancan kuma albashin mutane.

Don haka, ƙannena, kafin ka danna, tashi ka bi hanyar da ƙafarka, ka rubuta mai layin da dalilin buɗe shi a inda na bayanka zai gani, kuma kada ka kira layi mai kariya sai ka zare igiyarsa ka ga ya tsaya.